In za ku rubuta abin da ya taɓa muku zuciya

Jama'a ga 'yar shawara ga masu son rubuta abin da ya same su. Kar ku fara da "na shiga baƙin ciki matuƙa", wallahi ba wanda zai ji komai a jikinshi. Ku kama ƙaramin abu ɗaya tak. Ni da Inna ta rasu wata uku na yi ina rubutawa ina gogewa, duk manyan kalmomi, sai ranar da na sauka a Ƙofar Doka na tsaya zan saya mata goro kamar kullum har na ciro kuɗin sannan na tuna, to shi kawai na rubuta, mai goro yana miƙo min leda na kasa karɓa. Ko kalmar kuka ban sa ba.

Mu da aka rena da kunya da kara abin akwai wuya, na sani. In kai ne da laifi a labarin ka faɗa, kar ka wanke kanka. Amma fa sirrin matarka ko ƙaninka ba naka ba ne, nemi izini ko ka canza suna da unguwa. Kuma ka bar rubutun a waya ya kwana biyu tukun, nawa sai da ya yi sati kafin na iya nuna ma Yaya.