Sayen akori-kura ta hannu don aikin gona a Damagaram

Kafin ka nemi dillali, ka san hanyar da motar za ta riƙa bi. Mai garka a Mirriya ko Gidimuni da ke fito da kayan lambu zuwa bakin kwalta zai iya lallaɓawa da mota mai jan ƙafa biyu, ko da tsohuwar Peugeot 504 ce. Wanda gonarsa ke cikin rairayin wajen Tanut ko Gure kuwa, in ba kat-kat mai jan ƙafa huɗu ya saya ba, kuɗinsa a hannun masu turi za su ƙare. Yawancin waɗannan motoci ton ɗaya ne iyakarsu, wato buhu goma mai kilo 100, ko ganga biyar ta ruwa mai lita 200. Mai gida ɗaya, wato mai kujerun gaba kawai, ta fi dogon akwati. Mai gida biyu ta kai iyali biki ce.

A nan, arha ba ita ce mai ƙaramin farashi ba, ita ce wadda makanikin unguwa ya san cikinta kuma ana samun kayanta a gari ko a Kano. Shi ya sa Toyota Hilux mai injin 3L ko 5L ke da farin jini: famfon gazuwal ɗinta ba na kwamfuta ba ne, tana kuma haƙuri da man da bai cika tsabta ba. Ƙirar 2005 zuwa sama mai injin D-4D na kwamfuta ta fi ƙarfi da ƙarancin shan mai, amma ruwa kaɗan ko ƙasa a cikin gazuwal na jarka ya isa ya kashe mata injekta masu fesa mai cikin injin, kuma guda huɗu ne. Land Cruiser 79 mai injin 1HZ ba ta da na biyu a rairayi, sai dai tsufa bai rage mata kuɗi.

Ka je duba mota da sassafe tare da makanikinka, ba na mai sayarwa ba. Fara ɗora hannu kan injin. In ka ji ɗumi, an riga an tayar da ita don kada ka ga yadda take wahalar tashi. Tun injin na sanyi a buɗe murfin radiyata, a tayar, a leƙa: ruwa na kumfa ba tsayawa alama ce kan injin ya tsage ko gasket ɗinsa ya ƙone. Wannan ita ce cutar injin 3L da ƴan uwansa in sun taɓa yin zafi fiye da kima, ga shi kuma a watan Afrilu da Mayu zafinmu kan haura digiri 40. Duba murfin baƙin mai, in akwai abu fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga. Sassauta murfin ka bar shi a bakinsa injin na aiki. In yana tsalle hayaƙi na bugo shi, injin ya gaji. Hayaƙi shuɗi daga baya cin baƙin mai ne. Baƙi ya fi sauƙi, sau da yawa matatar iska ce ƙura ta toshe.

Daga nan sai a shimfiɗa buhu a kwanta ƙarƙashi. Motar da ta fito Turai ta tashar Kwatano ko Lome takan zo da tsatsar gishirin da ake zuba wa hanyoyinsu lokacin ƙanƙara, ana kuma rufe ta da baƙin fenti. Ƙwanƙwasa shasi da ƙaramar guduma, musamman bayan gidan direba da inda aka rataye sifirin na baya. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake, ruɓaɓɓe sai ka ji dum. Shasi mai walda, a bar shi ko nawa aka rage. Sifirin da aka ƙara wa ganye shaida ce motar ta sha lodin da ya fi ƙarfinta. Ka kuma tabbata sandar da ke kai ƙarfi ga ƙafafun gaba tana nan, don akwai masu cire ta in ta lalace su ci gaba da kiran motar kat-kat.

Gwajin kat-kat a rairayi ake yin sa, ba a kwalta ba. In tana da makullai a tsakiyar ƙafafun gaba a murɗa su, a sa giyar kat-kat a H4, sannan a tsaya a sa L4. Kuloci kuma, ja birkin hannu, sa giya ta uku, saki ƙafa a hankali: injin ya kamata ya mutu. Taya na da lamba huɗu a gefe. 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019.

Lambar shasi da ke jikin ƙarfe ta yi daidai da ta kart giris harafi da harafi, ba alamar goge ko sabon bugu. Nemi takardar duwan, balle in motar daga Najeriya ta shigo, in ba haka ba kai za ka biya. A rubuta takardar ciniki gaban shaidu, hukuma ta buga hatimi.

Kada ka juye aljihu duka a ciniki, ware kamar kashi ɗaya cikin biyar don gyara. Lambar kilomita ba abin yarda ba ce, don haka ran da ka karɓi makulli a sauya bel ɗin taimin, wanda a injin 3L da 5L ake canzawa duk kilomita 100,000. In ya tsinke a hanya fistan zai daki bawul. A haɗa da baƙin mai da matatar gazuwal da ta iska, a kuma wanke radiyata.