Yadda za ka haɗa kayan kwana a bakin teku, ga mu mazauna Legas

Wallahi akwai daren da nake kwance a ɗakina a Agege, janareton maƙwabci na ta ruri ta bayan taga, fanka na juyo iska mai zafi, sai kawai in tuna tsakar gidanmu lokacin bazara, an yayyafa ruwa a ƙasa an shimfiɗa tabarmi, kakarmu na ta fifita da mafici, mu kuma muna kallon taurari har barci ya kwashe mu babu wanda ya san lokacin. Wannan kewar ce ta sa ni da abokaina biyu muka fara zuwa kwana a Tarkwa Bay jefi-jefi, kuma tunda 'yan'uwa suna ta tambayata me ake ɗauka, bari in faɗi abin da na gani da idona.

Da farko lokaci. Kar ka je daga Afrilu zuwa Yuli, ruwan Legas ka san shi, ba ya sallama, kuma Satumba da Oktoba ma yana dawowa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne daidai. Wajen ba a zuwa da mota, jirgin ruwa ake shiga daga CMS ko Falomo, tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Ka tambayi kuɗin jirgi da kuɗin shiga tun kana tudu, ka sa rigar nan mai hana nutsewa ka ɗaure ta da kyau ko da ka iya ruwa, kuma ka tashi da wuri don jiragen ba sa zirga-zirga da dare. Ka riƙe kuɗi a hannu, canji ƙanana, saboda taransfa na iya maƙalewa.

Jaka ɗaya ta goyo, shi ke nan. Duk abin da ba zai shiga ba, ban da ruwa da tabarma, to ka bar shi a gida. Ina faɗin haka ne don za ka sauka daga jirgi wani lokaci ƙafarka cikin ruwa, sannan ka taka yashi da kaya a baya, akwati mai taya ba ya tafiya a yashi. Idan ba ka da jakar, gwanjo a Katangowa za ka samu mai ƙarfi, ka duba zif ɗin da hannayen sosai kafin ka biya.

Tanti kuwa, ko ka saya ko ka karɓi haya a can, amma in haya ce ka yi magana da mai shi tun kafin ranar. In naka ne, don Allah ka kafa shi sau ɗaya a gida ka ga yadda sandunansa suke shiga, kar sai magariba ta yi iska na kaɗawa ka tsaya kana juya ƙarafa. Turakun da ke zuwa da tanti ba sa kama yashi, iska kaɗan za ta tumɓuke su. Abin da muke yi, mu tafi da ƙananan buhuna huɗu da igiya, mu cika su da yashi, mu ɗaure kowace kusurwa a jikin buhu, mu tona rami kamar kamu ɗaya mu binne. Ko iskar asuba ba ta motsa shi. Kafin ka zaɓi waje kuma ka dubi ƙasa, za ka ga wani layi na tarkace, robobi da ciyayi da itatuwa, to nan ne iyakar inda ruwa ke kaiwa idan teku ta cika. Ka haura sama da layin nan sosai, don cikar teku sau biyu take a yini da dare, ɗaya na iya samunka kana barci. Ƙofar tanti ka juya ta baya ga iska.

A ƙasa ka fara shimfiɗa tamfol ko babbar leda, sannan tabarma. Ka zo da bargo mara nauyi ko mayafi mai kauri, mutane na cewa ai Legas zafi ne, amma wajen ƙarfe uku na dare iskar teku da raɓa sai sun sa ka naɗe. Gidan sauro dole ne idan tantin ba shi da raga, da man shafawa na sauro, da riga mai dogon hannu da safa don yamma. Kaya kala biyu sun isa, da silifas, da hula. Waya da fawa bank da ashana duk a ƙulle cikin leda, danshin gishirin nan na shiga ko'ina. Tocila ta daban, kar ka dogara da ta waya.

Yanzu ruwa, nan ne mutane suka fi yin kuskure. Ka yi lissafin aƙalla lita 4 ga mutum ɗaya a yini, sha da shayi da ɗan dahuwa. Jakar fiya wata ɗaya tana da guda 20, lita 10 ke nan, mu uku jaka biyu muke ɗauka na kwana ɗaya kuma ba ta yi mana yawa ba. Alhamdu lillahi alwala ba ta cin ruwanka, ruwan teku ya halatta a yi alwala da shi, ka dai tafi da butarka ka ɗiba daga baki-baki. Ka ɗauki sallaya, alƙibla daga Legas gabas ce mai ɗan karkata arewa, ka duba ta a waya tun da rana ka ja layi a yashi ko ka ajiye sanda. Ni dai sallar asuba a wajen nan ita ce ke mayar da ni. Gari shiru, babu hon babu kwandasta mai kiran Oshodi, goshinka na taɓa sallaya kana jin sanyin yashi a ƙarƙashi, can nesa fitilun manyan jiragen da ke jiran shiga tasha. Sai ka idar ka rasa abin da zai tashe ka daga wajen.

Abinci ka koma irin guzurin matafiyan da. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari, kilishi ko dambun nama, dabino, burodi, albasa biyu, yaji da gishiri a ɗan ƙulli. Waɗannan ba ruwansu da firji. Kar ka ɗauko shinkafa da miya a kula ka ce za ta kai gobe, zafin nan zai lalata ta kafin dare ya raba. Kuma ka manta da robar tekawe ta farin soso, gwamnatin Legas ta hana ta tun 2024, kwanon silba ɗaya da kofi da cokali sun ishe ka. Idan ka yi sa'a ka tarar da masunta sun fito, ka sayi kifi ɗanye ka tsaga shi ka shafa yaji da gishiri da ɗan mai ka ɗora a wayar gashi.

Kayan shayi kam ban yarda a bari ba. Ƙaramin kurfoti, gawayi leda ɗaya, 'yar buta, ganyen shayi, citta da kanumfari. Ka tona ɗan rami ka sa kurfotin a ciki don iska, ka zauna kana fifitawa, ka ji yadda hira ke zuwa da kanta. Baffana haka yake yi lokacin da muke kwana a gona da kaka muna gadin gero, butarsa duk ta yi baƙi, bai taɓa gaggawar sauke ta ba. Amma ka ji ni da kyau ɗan'uwa, ko ana sanyi kamar me kar ka shigar da garwashi cikin tanti, hayaƙinsa irin na janareto ne, ba wari ba komai, a cikin barci yake kashe mutum. Kafin ka kwanta ka kashe wutar da ruwa, kar ka rufe da yashi kawai, wani zai taka da safe.

Ɗan magani a leda: farasitamol, filasta, ruwan gishiri da sukari na sacet, da duk maganin da kake sha kullum. Ƙaramar wuƙa. Ka faɗa wa wani a gida inda za ka da lokacin dawowa. Da dare ba shiga ruwa, ɓangaren bakin tekun da ake kira Lighthouse kuwa ko da rana igiyarsa na da ƙarfi, ka tsaya a tudu ka yi kallo. Kar ku bar tanti ba kowa.

Wanda yake son daji sosai akwai dajin Omo a jihar Ogun, gaba da Ijebu Ode, har giwaye akwai, sai dai can sai da izini da ɗan jagora da takalmi rufaffe, shirinsa daban ne.

Sifika ka bar ta a gida, na roƙe ka. Ka sa babban buhu ɗaya fanko a jaka, da safe bayan shayi ku tsince ledojin ruwa da duk abin da kuka zubar, ku tono buhunan yashin nan ku zazzage, ku bar tanti ya sha rana raɓar ta bushe kafin ku naɗe, in ba haka ba zai yi fumfuna. Sai ku gangara ku jira jirgi.