Yadda ɗan riƙo ke zama ɗan gida

Yaro na iya shekara biyar a gida yana ci yana sha, amma a zuciyarsa har yanzu baƙo ne. Ko maraya ne, ko agola, ko ɗan riƙo, sai ya gaskata ba za a mayar da shi ba kafin ya saki jiki. Tun 1951 likitan nan ɗan Ingila John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya cewa yaro na buƙatar shaƙuwa mai ɗorewa da uwa, ko da wadda ta tsaya a madadinta dindindin. Wannan dindindin ɗin shi ne aikinku.

Tun ranar farko ku ba shi abin da zai ce nasa ne: shimfiɗa, wurin ajiye kaya, kofinsa. Lokacin cin abinci da na barci su tsaya cak, domin yaron da aka yi ta yawo da shi ba ya samun natsuwa sai ya san abin da zai faru gobe. Ku ware masa minti 15 kullum, ku biyu kaɗai, shi zai zaɓi abin yi, babu faɗa, babu tambayar karatu.

Kada ku tilasta masa cewa Baba ko Mama. Ku bar shi ya zaɓi suna mai ladabi. Idan agola ne, horo ya zauna a hannun wanda ya haife shi tukuna. Wanda ya fara da tsawa kafin shaƙuwa, ƙiyayya yake shukawa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne bayan makonnin farko. Yaron da ya zo shiru-shiru sai ya rikiɗe: ƙarya, ɓoye abinci, taurin kai. Masu riƙo su ce halinsa ne ya fito. A gaskiya gwada ku yake yi, yana so ya ga ko laifi zai sa a kore shi. Ku hukunta laifin daidai girmansa, a taƙaice, sannan a zauna cin abinci tare kamar kullum. Kalmar “zan mayar da kai” kuwa kada ta taɓa fita bakinku, ko da wasa; sau ɗaya tana rushe ginin wata shida. Mai ɓoye abinci ku ajiye masa wani abu inda hannunsa zai kai ba sai ya roƙa ba, a hankali zai daina.

’Ya’yan gida ma suna da haƙƙi, kishi zai zo. Ku raba aike da sutura da kyauta daidai, kowa kuma ya samu nasa minti 15 ɗin.

Kada ku aibata iyayensa a gabansa, domin yaro na jin zagin iyayensa a jikinsa ne. Ku gaya masa asalinsa tun yana ƙarami, da kalmomin da zai gane, kafin ya ji a bakin wani. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta kare masa sunansa da dangantakarsa, ta kuma ambaci riƙo da kafala, wato ɗaukar nauyin yaro bisa tsarin Musulunci, a sashe na 20. Ku adana takardar haihuwarsa da ta rigakafi, ku kuma tabbatar da riƙon a rubuce bisa dokar ƙasarku, saboda ranar da makaranta ko asibiti za su nemi sa hannun waliyyi.