Kafin ka yi wa gida alkawarin fam: magana ga sababbin zuwa Ingila

Duk Satumba da Janairu muna tarbar sababbin ƴan'uwa, kuma alhamdu lillahi, jama'armu a Manchesta ba ta barin baƙo ya kwana a waje. Wani ya kawo katifa, wani tukwane, wata ta aiko da tuwo da miyar kuka. Abin da ke ɓata mini rai shi ne, kafin wata uku sai ka ga mutum ya faɗa ramin da muka faɗa shekarun baya, alhali an zaunar da shi an gaya masa.

Farkon matsalar lissafi da naira. Mutum ya ji albashinsa da fam, ya ɗauko waya ya buga da canjin ranar, sai ya kira gida ya yi alkawarin rufin ɗakin Baba da kujerar Makka ta Hajiya. Ɗan'uwa, abin da ke rubuce a takardar ɗaukar aiki ba shi ke shiga asusunka ba. Duk abin da ya haura fam 12,570 a shekara ana cire masa haraji aƙalla kashi 20 cikin ɗari, ga inshorar ƙasa, ga fansho. In ɗalibin jami'a ne kai, awa 20 a mako ce iyakarka lokacin karatu. Bizar yawancinmu kuma ta hana mu tallafin gwamnati, har kuɗin yara da maƙwabcinka ke karɓa.

Layin waya, asusun banki, rajista da likitan unguwa, waɗannan duk za ka gama su ba tare da ciwon kai ba.

Gida ne ke karya mutane. Kada ka tura ko kwabo ga wanda ya sa hoton ɗaki a Facebook alhali ba ka taka ƙafarka cikin gidan ba, ko da ya yi maka sallama da Hausa. Dokar shekarar 2019 ta taƙaita kuɗin ajiya ga hayar mako biyar a irin gidajen da muke kamawa, kuɗin riƙe maka gida kuma hayar mako ɗaya ne, kuma dillali ba shi da ikon cajinka kuɗin cike takardu. Wajibi ne mai gida ya sa kuɗin ajiyarka a ɗaya daga cikin asusun da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30, ya ba ka shaida. In bai ba ka ba, tambaye shi a rubuce. Nan ba wurin kara da kawaici ba ne. Ranar da ka karɓi makulli, tun kafin a shigo da akwati, ɗauki hoton komai: tabon kafet, baƙin danshi a bangon banɗaki, tsagar murfin firji, da lambar mitar wuta da ta gas. Ranar tashi waɗannan hotuna ne za su dawo maka da kuɗinka, don akwai masu gidan da za su rantse kai ka kawo tabon da ya girme ka a gidan.

Sannan ka sani haya kashi ɗaya ce kawai. Akwai wuta, gas, ruwa, intanet, da harajin kansil, wato harajin ƙaramar hukuma a kan gidan da kake zaune, wanda shi ne ba wanda ke zuwa da saninsa. Galibi ana biyansa sau goma, daga Afrilu zuwa Janairu, amma kana iya neman a raba maka shi wata goma sha biyu. Ɗalibi mai cikakken karatu ba ya biya, sai dai dole ya kai takardar makaranta, ba za su sani da kansu ba. Na taɓa shiga gidan wani bawan Allah mai yara biyu, na ga ambulan-ambulan jibge a kan firji, ko ɗaya ba a buɗe ba. Ya ce ai takardun talla ne. Da muka zauna muka farke su, ta uku gargaɗi ce, ta biyar sammacin kotu, ana neman kuɗin shekarar gaba ɗaya da ƙarin kuɗin kotu. Matarsa tana tsaye a bakin kicin, a ranar ta fara jin akwai wani abu wai shi harajin kansil. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Sai da ya yi watanni yana aikin dare kafin ya fito.

Shi ya sa nake cewa, Malam, zaunar da uwargida ta ga lissafin nan. Ita ce ke gida da hita a watan Disamba, ita ke cefane. In ta san abin da ke shigowa da abin da ke fita, da kanta za ta ce a sayi shinkafa buhu a shagunan unguwar Longsight ko Cheetham Hill, nama a haɗa kuɗi da maƙwabta a saya da yawa, sauran kayan a kantunan Aldi ko Lidl. Ku buɗe asusu na biyu, ranar albashi a zuba masa kuɗin haya da duk takardun wata, kada kowa ya taɓa.

Taimakon iyaye ba abin tattaunawa ba ne, dominsa da yawanmu muka fito. Amma ka ga takardun wata uku tukuna, ciki har da na sanyi, sannan ka yanke adadin da za ka iya turawa kowane wata, ka gaya musu gaskiya. Wanda ya ci bashin katin banki ko na Klarna, kamfanin saya yanzu ka biya daga baya, don a ce ya yi kyauta a bikin ƙanwa, ya jawo wa kansa ruwa a kan kuɗi ko tarar jinkiri, kuma sunansa ya ɓaci a rajistar da masu gidajen haya ke dubawa. In ta matse, adashen jama'a na nan, kuma mutane na fita kunya da shi.

Ka fara tara kuɗin sabunta biza tun watan farko. Harajin lafiya da ake biya tare da biza, shi kaɗai fam 1,035 ne a shekara ga babba, 776 ga yaro ko ɗalibi. Miji da mata da yara biyu a bizar aiki, fam 3,622 ke nan kowace shekara, kuma na duk shekarun bizar ake biya a dunƙule, ban da kuɗin bizar kanta. Masu bizar aikin lafiya da kula da tsofaffi an ɗauke musu wannan harajin, sauranmu kuwa mu raba adadin bisa watannin da suka rage mu riƙa warewa.