Kafin Ka Zuba Kuɗi a Mariƙin Batir: Kurakuran da Masu Kyamara Marar Madubi Suka Fi Yi

Duk wanda ya bar tsohuwar kyamara mai madubi a cikinta (DSLR) ya koma marar madubi (mirrorless), abin da yake fara kuka da shi shi ne batir. Da can sai ka wuni kana ɗauka da batir guda, yanzu kuwa ana tsakiyar kamun amarya sai ka ga alamar caji ta koma ja. Daga nan abokan sana'a za su ce maka, "Ai girif za ka saya." Girif ɗin shi ne mariƙin nan da ake ɗaurawa a ƙasan kyamara, mai cin batir biyu, wanda yake da madannin ɗauka na biyu domin hoton tsaye. Kaya ne mai amfani ƙwarai ga wanda aikinsa ya buƙace shi. Amma na ga mutane da yawa sun saya, bayan wata biyu sun kwance shi sun jefa a ƙasan jaka, kuma kusan kullum dalilan iri ɗaya ne.

Sayen sa don batir kaɗai

Wannan shi ne babban kuskuren, kuma a kansa zan fi daɗewa. Girif ba ya rage wa kyamara cin wuta ko kaɗan. Ɗaki ne kawai da ke riƙe batir biyu, ya shanye ɗaya ya koma kan ɗayan. Batir na biyun nan da yake cikin girif, da a aljihunka yake ma hotunan da zai ba ka ke nan. Bambancin bai wuce daƙiƙa goma da za ka ɓata wajen buɗe murfi ka canja ba. Sannan girif na asali ba ya zuwa da batir a cikin kwalinsa, sai ka sake ciro kuɗi ka saya. Kuɗin girif ɗaya na kamfanin da ya ƙera kyamarar yakan kai na batir uku ko huɗu na asali. Idan wuta ce matsalarka, batir huɗu a jaka da caja mai baki biyu sun fi girif ɗaya kai ka ƙarshen walima.

Mutane da dama kuma suna lissafi da kyamarorin da suka wuce. Sony a7 II tana amfani da ƙaramin batir NP-FW50, wanda a ma'aunin masana'anta hoto 350 yake bayarwa, kuma a kanta ne sunan marar madubi ya ɓaci wajen cin batir. Da a7 III ta fito a 2018 da NP-FZ100, adadin ya koma 710 idan da allon baya kake kallo, 610 idan ta tagar leƙe ce. Mai a7 II yana da hujjar kuka. Mai a7 III ko abin da ya biyo bayanta ya kamata ya fara gwadawa tukuna.

Shi kansa adadin da ake rubutawa a takardar kyamara, kada ka ɗauke shi a matsayin iyaka. Ƙungiyar CIPA ta masu ƙera kyamara a Japan ce ta tsara yadda ake gwajin, kuma tsari ne mai tsauri, don a samu ma'auni ɗaya da za a kwatanta kyamarori da shi. Marar madubi tana cin wuta ne gwargwadon lokacin da take kunne, domin allonta da na'urar ɗaukar haskenta suna aiki ko ka danna ko ba ka danna ba. Wanda ya tsaya a hawan Sallah yana sakin hotuna a jere yayin da dawakai ke sukuwa zai iya ninka wancan adadin. Wanda kuma ya rataye kyamara a kunne yana jiran a fito da ango zai ga batir ya zube bai ɗauki abin kirki ba. Gyaran nan kyauta ne: ka sa kyamarar ta riƙa yin barci bayan minti ɗaya, ka kashe Wi-Fi da Bluetooth idan ba tura hoto kake ba, ka rage hasken allo, ka kashe ta idan an shiga dogon jawabi. Ka yi biki biyu ko uku a haka, kana ƙirga batir nawa kake cinyewa a wuni. Idan biyu ne, ba ka da matsalar da girif zai warware.

Akwai kuma hanyar da ake mantawa da ita. Yawancin kyamarorin yanzu suna karɓar wuta ta bakin USB-C suna aiki. Mai ɗaukar wa'azi ko doguwar hira, wanda kyamararsa ke kan sitan, wato ƙafafun da ake kafa kyamara a kai, ba ta motsi, fawa-banki mai ƙarfi zai riƙe shi awanni fiye da batir biyun girif. Wasu kyamarorin, irin su Canon R5, sai fawa-banki mai tsarin PD (Power Delivery, wato mai ba da wuta mai ƙarfi ta USB-C) suke karɓa, don haka a duba kafin a saya.

To me girif yake yi da gaske?

Aikinsa na gaskiya a hannu yake. Ka ɗaga kyamara ka juya ta tsaye ba tare da girif ba, ka lura da hannunka na dama: gwiwar hannun ta tashi sama, wuyan hannun ya lanƙwashe a saman goshinka. Minti biyar ba komai ba ne. Amma mai ɗaukar amare da ƙawayensu, ko mai situdiyo da ke yin hoton tsaye tun safe har magariba, kafaɗarsa ce ke ba da labari da daddare. Da girif, kana juya kyamarar sai hannunka ya sauka a kan wani mariƙin, madanni yana ƙarƙashin manuniyarka, gwiwar hannu tana manne da haƙarƙari. Hoton ya fi tsayawa cak, kuma ba ka zungurar wanda ke gefenka a cikin cunkoso.

Na biyu shi ne daidaiton nauyi. Jikin a7 III da batirinta gram 650 ne, alhali lensi, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara, irin dogon nan 70-200 mai buɗewar 2.8 na farko da Sony ta yi ya kusa kilo ɗaya da rabi. Duk nauyin gaba yake rinjaya, ƙaramin yatsanka kuma yana reto a ƙasa babu inda zai kama. Girif yana ba tafin hannu wurin zama gaba ɗaya. Shi ya sa manyan kyamarorin 'yan jarida da masu ɗaukar wasanni, irin su Nikon Z9 da Canon R3, ake ƙera su da mariƙin a haɗe da jikinsu.

Saboda haka kafin ka yanke shawara, buɗe hotunan aikinka uku na baya-bayan nan a kwamfuta ka ƙirga. Nawa ne na tsaye, nawa ne na kwance? Da wane lensi ka fi ɗauka? Idan fiye da rabi na tsaye ne kuma da dogon lensi, ka saya, ba za ka yi nadama ba. Idan kuma ƙaramin yatsa ne kawai ke damunka, akwai ɗan ƙarin gindi marar batir da ake ɗaurawa a ƙasa, irin GP-X1EM na Sony ko EG-E1 na Canon RP, ko farantin ƙarfen nan mai siffar L. Sun fi araha nesa ba kusa ba, kuma ba su da nauyi.

Ɗaukar cewa duk girif ɗaya ne

Nan ma ana yin asara. Nikon ta fitar da Z6 da Z7 a 2018, kuma mariƙin da aka yi musu, MB-N10, ba shi da madannin ɗauka ko ɗaya. Akwatin batir ne zalla. Wanda ya saye shi don hoton tsaye ya sayi abin da ba zai yi masa aikin ba. Sai da Z6 II da Z7 II suka zo a 2020 aka samu MB-N11 mai madannai, wanda kuma yake bari ka zare batir ɗaya ka canja kyamara tana ci gaba da ɗauka.

Wannan magana ta canja batir ba tare da an kashe kyamara ba ita ce mai bidiyo ya kamata ya fi tambaya a kai, domin a fannin wuta, a nan ne girif ya fi batir na aljihu. A girif ɗin Sony da na Canon irin BG-R10, ana cire murfin batirin kyamarar, wuyan girif ya shige ramin, batir biyun kuma suna kwance a tire guda. Jimilla biyu ke nan, kuma in ka zaro tiren wuta ta ɗauke. A Fujifilm X-T4 kuwa batirin cikin kyamara yana nan a wurinsa, girif ya ƙara biyu, su zama uku. Akwai ma girif ɗin da ke ƙara wa kyamara ƙarfi: na X-T2 ta 2016 yana ɗaga saurinta daga hoto 8 zuwa 11 a daƙiƙa, ya tsawaita bidiyon 4K daga minti 10 zuwa 30, ya ba ka wurin sa abin sauraro na kunne. Amma wannan ba doka ba ce, yawancinsu ba sa ƙara saurin komai. X-T5 da ta fito a 2022 ma Fujifilm ba ta yi mata girif mai batir ba sam.

Kada kuma ka ce tunda batirin iri ɗaya ne, girif ɗin zai shiga. Sony a7 III da a7 IV duk NP-FZ100 suke ci, amma ta farkon VG-C3EM take ɗauka, ta biyun VG-C4EM. Lensi yana bin ka daga kyamara zuwa kyamara shekara da shekaru, girif kuwa sau da yawa tare da jikin da aka yi shi dominsa yake tsufa. Idan kana shirin canja kyamara baɗi, ka haƙura tukuna.

Ga masu fama da zafin bazara, girif na yau da kullum ba maganin zafin kyamara ba ne. Wanda aka yi musamman don wannan shi ne mai fanka a ciki, kamar CF-R20EP da Canon ta fitar tare da R5 Mark II a 2024.

Nauyi da girma

Yawancinmu mun bar mai madubi ne don mu huta da kaya. Girif babu batir yana kai wajen gram 300, ka ƙara batir na biyu, ka ga kyamarar ta koma kusa da abin da ka gudu. Jakar da take shiga da ta daina rufuwa. A kan gimbal kuwa, wato mariƙin nan mai inji da ke hana kyamara rawa wajen ɗaukar bidiyo, wahala ce tsagwaronta, domin kyamarar ta yi tsayi, nauyinta ya hau sama, saitin ya ƙi zama, injin yana ta gurnani. A kan sitan mai ƙafa uku ma an ƙara gaɓa ɗaya tsakanin kyamara da kan sitan, kuma kowace gaɓa tana iya kawo ɗan rawa. Abin da nake yi shi ne in ɗaura shi ranar aikin situdiyo da ranar kamu, in kwance shi ranar bidiyo da ranar tafiya. Ba a ce sai ya zauna a jiki kullum ba.

Mai araha da na hannu

Ba zan ce duk girif ɗin da ba na asali ba ne banza, akwai masu aiki lafiya. Amma na taɓa sayen wani marar suna a kasuwa, na kai shi wajen ɗaurin aure. Ina juya kyamara tsaye sai allo ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Ashe akwai ɗan rata tsakaninsa da gindin kyamarar, da na matse hannu sai haƙoran wutar su rabu. Na rasa hoton lokacin da ake miƙa sadaki, kuma abin ya daɗe yana ci mini rai, domin irin wannan lokaci ba a maimaita shi. Wannan ratar ce kuma ƙurar hunturu ke bi ta shiga.

Don haka kada ka biya kuɗi sai ka je da kyamararka. Ka ɗaura, ka murɗa dabaran ƙasan, wato ɗan faifan da ke ɗaure girif a gindin kyamara, har ya tsaya, ka riƙe kyamarar da hannu ɗaya girif da ɗayan ka ɗan murɗa su. Idan ka ji motsi ko ƙara, ajiye shi. Ka danna kowane madanni, ka juya kowane faifan murɗawa, ka tabbatar kyamarar tana nuna cajin batir biyun daban-daban. Idan mai kaya ya yarda, ka kwana da shi da batir cike, da safe ka duba ko ya zuƙe wuta kyamara tana kashe. Sau da yawa na asali na hannu, wanda wani ya saya bai yi amfani da shi ba, ya fi sabon marar suna, kuma suna da yawa a hannun mutane saboda kuskuren farko da na ambata.

Bayan an saya ma akwai 'yan abubuwan da ke ba mutane haushi. Murfin batirin da ka cire, yawancin girif suna da ɗan gurbi a wuyansu da aka yi don ajiye shi. Sa shi a nan take, don ɓatansa ya fi komai sauƙi, samun wani kuma sai an sha yawo. Akwai ɗan makulli kusa da madannin tsaye, ka kashe shi idan kana hoton kwance, in ba haka ba tafin hannunka ko cinyarka za su yi ta ɗaukar hoton ƙasa. Kada ka haɗa batir mai rai da wanda ya kumbura ko ya gaji, kuma ka riƙa sauya musu gurbi, saboda wanda ake fara sha kullum shi ke riga tsufa. Ni nakan rubuta wa nawa lamba da alƙalamin maka, ɗaya da biyu, in juya su duk ranar aiki. Dabaran ƙasan nan kuma yana kwancewa da kansa a hankali, musamman in ka sha hanya a kan babur, don haka ka taɓa shi da yatsa kafin ka shiga wurin biki.