Yadda ake yi wa bindigar wasa fenti ta koma kamar ta zamanin jirgin tururi

Bindigogin wasan nan masu harba harsashin soso, irin su Nerf, da ruwan lemo da shuɗi da rawaya suke zuwa, tun daga nesa an san kayan yara ne. Akwai salon da ake sake musu kama su koma kamar tsohon injin tagulla, ana kiransa steampunk. Sunan ya fito ne a 1987, tunanin kuwa shi ne yadda duniya za ta kasance da har yau tururi ke juya injina, kamar zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila. Mu mazauna Saudiyya ba sai mun wahala wajen neman samfuri ba. Wanda ya taɓa leƙa tsohuwar tashar jirgin ƙasan Hijaz a Anbariyya ta Madina, inda layin ya iso a 1908, ya ga abin da ake nufi: baƙin ƙarfe, bututu, kawunan ƙusoshi a jere, da tagullar da ta dushe.

Ka fara da tsohuwar bindiga, kada ka lalata sabuwa. Kasuwar Sawarikh ta Jidda da Haraj bin Ƙasim na Riyad ba a rasa irinsu. Masu wannan sana'a sun fi son samfurin Nerf mai suna Maverick, mai tulun harsashi shida da ke juyawa, domin siffarta ta riga ta yi rabin aikin. Samfefa da fentin feshi da gam sai ka nema a kantin kayan aiki na SACO ko shagon kayan gini na unguwa, fentin akirilik da burushi kuma a kantin littattafai na Jarir.

Kwance ta da ƙaramin sukudireba. Da ka buɗe, kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton cikinta da waya, saboda sifirin ɗin kunama ƙanana ne, in suka yi tsalle sai ka wuni kana neman gurbinsu. Kayan ciki ka ajiye su gefe, fenti ba ya taɓa su.

Sai guga. Samfefa mai lamba 220 za ta cinye sunan kamfani da rubutun gargaɗin da ke jikin robar, mai lamba 400 ta biyo baya ta kashe ƙyallin ko'ina. Fenti ba ya kama roba mai santsi, farce ma ɓare shi yake yi. Wanke da sabulu, a bar ta ta bushe sarai.

Ado kafin fenti ake manna shi: haƙoran tsohon agogo, guntun wayar jan ƙarfe a nannaɗe, murfin biro a matsayin bututu. A nan mutane ke zarce gona da iri. Duk abin da ka liƙa ya zama kamar yana da aikin yi, bututu ya fito daga wani wuri ya shiga wani. Haƙoran agogo goma da aka watsa a gefe ba su riƙe da komai, ni dai ban ga kyansu ba.

Bakin bindigar mai ruwan lemo kuwa, ka naɗe shi da salatif ka bar shi yadda yake. Shi ne shaidar cewa abin wasa ce. Ko da an gama, kayan cikin gida ce da ɗaukar hoto. Kada yaro ya fita da ita titi, kada a saka ta a jakar tafiya zuwa filin jirgi.

Yanzu baƙi. Fesa shimfiɗar farko ta fenti mai kama roba, sannan baƙi marar ƙyalli a kai, gwangwanin yana nesa da santimita 20 zuwa 30, hannu yana tafiya ba tsayawa. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri da zai zubo. Yanayin ƙasar nan yana da nasa sharrin. A Makka da Madina da Riyad, zafin rana kan busar da fentin tun yana iska, ya sauka gantsar-gantsar kamar rairayi, don haka a yi da sassafe a inuwa. A Jidda laima ce matsalar, takan bar fentin da danƙo ko ya yi hazo, gara a jira ranar da iska ta bushe. A saman bene za a yi, da takunkumi, ba a ɗaki mai na'urar sanyi ba. Gwangwanin kuma ba a barin sa a mota. Gargaɗin digiri 50 yana rubuce a jikinsa.

Baƙin nan shi ne sirrin aikin, ba ruwan gwal ba. Ka tsoma burushi a fentin tagulla, ka goge shi a tsumma har ka ga kamar ba abin da ya rage, sannan ka riƙa shafa shi sama-sama. Gefuna da tudu ne kaɗai za su ɗauka, lunguna su zauna baƙi, sai robar ta yi nauyin ƙarfe a ido. Tagulla a gangar jiki, jan ƙarfe a bututu, azurfa kaɗan inda hannu ke yawan goga. Launi uku sun isa. In kana da tsohuwar dalla, wato butar gahawa ta Larabawa, a gida, ajiye ta gabanka ka ga inda take haske da inda ta yi duhu.

Don ta tsufa, sirka baƙi da ruwan ƙasa da ruwa sosai, ka malala a jiki, ka share da tsumma nan take, ragowar ya kwanta a tsagu. Ɗigon kore mai shuɗi-shuɗi a gindin ƙusoshi yana kwaikwayon tsatsar jan ƙarfe. Mariƙin kuma a naɗe shi da tsohon bel na fata.

A rufe da fentin kariya marar launi, wanda ba ya ƙyalli sosai, a ba shi aƙalla kwana biyu kafin a harhaɗa. In tulun ya ƙi juyawa ko kunamar ta cije, fenti ne ya yi kauri a wurin gogayya; kankare shi da samfefa mai laushi ka sake gwadawa.