Yaro mai birgima da cizo: abin da nake gaya wa iyaye mata a bakin aji

Ina koyar da yara 'yan shekara 3 zuwa 5 a Kano, kuma in aka jera min su ba zan iya ware ɗan ma'aikaciya da ɗan matar gida ta halinsu ba. Mai cizo akwai shi ta kowane ɓangare. Wanda nake ganewa da wuri shi ne yaron da barci bai ishe shi ba, da wanda dokar gidansu ke canzawa daga hannu zuwa hannu.

Fara da barcin. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Yaron da ya kai sha ɗayan dare yana kallon katun, aka tashe shi da asuba, dole ya yakushi na kusa da shi.

Ke mai zuwa aiki, kin san kukan nan da yake ɓarkewa da shi da zarar kin yi sallama, alhali an ce miki lafiya lau ya wuni? Ke yake jira ya sauke wa. Ajiye jaka, zauna a tabarma, ki ba shi minti goma kafin ki leƙa kicin. Biskit da alawar kullum kuwa toshiyar baki ce, ki rage. Sannan ki zauna da duk mai riƙe shi ku tsayar da doka biyu ko uku: lokacin barci, lokacin waya, da hana bugu. In kin hana, kaka ta bayar, aikin banza kike. Idan surukarki ce, bari ɗanta ya yi mata maganar, ta fi shiga. Kuma don Allah, 'yar aikin da ba ta wuce shekara 12 ba ita ma raino take buƙata. Yaro ya dame ta, mintsini zai sha a ɓoye.

Ke da kike gida, taki matsalar tsawa ce daga nesa. "Bari! Sauka! Bari babanka ya dawo!" tun safe har kunnensa ya saba. Je ki inda yake, ki durƙusa, ki faɗa sau ɗaya, ki cika abin da kika ce.

In ya faɗi yana birgima, janye abin da zai ji masa ciwo ki ƙyale shi. Kada ki miƙa masa abin da yake wa kukan, ko da baƙi na kallo. Ya huce, ki rungume shi.

Amma wanda ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, ko ba ya waigowa in an kira sunansa, likitan yara za ki kai shi. Wanda kuma ya daina fitsarin kwance ya dawo yi kwatsam, yana maƙalewa jikinki in ya ga wani mutum, ki raba shi da mutumin tukuna, sannan ki bincika.